Ranar da Babur Ɗin Babana Ya Sake Murya

Mu mutanen ƙasar Roni ne, yamma da Kazaure. Duk wanda ya san wajenmu ya san ƙasa ce mai duwatsu da hawa da gangara, kuma in ka bar kwalta ka nufi ƙauyuka babu abin da ke shiga sosai sai babur da amalanke da jaki. Saboda haka a gidanmu babur ba abin ado ba ne, shi ne gonarmu ta biyu. Babana ya saye shi a 2019, ƙirar Bajaj Boxer ta mutanen Indiya, bayan ya sayar da riɗi da wani ɗan maraƙi. Da shi yake bin ƙauyukanmu har cikin ƙasar Gwiwa yana sayen wake da riɗi da zoɓo tiya-tiya, in ya tara buhu ya kai Kazaure ya sayar. Daga ribar nan ake cefane, daga nan kuma ake saya mini littattafai da sabulu.

A watan Satumba na 2023 tsautsayi ya sami Baba, ya faɗo daga kan amalanke ya karye a ƙafa. Mai ɗori ya ɗaure shi, ya ce kada ya kuskura ya taka ƙafar nan sai an ɗauki watanni. Ni kaɗai ne namiji a ɗakin Inna, ni ne kuma auta, a lokacin ina aji biyar ina jeka-ka-dawo. Sai Baba ya kira ni ya miƙo mini makulli, ya ce in na taso daga makaranta da ranakun Asabar da Lahadi in riƙa zagaya masa wajen mutanensa. Ya gindaya mini sharuɗɗa uku: kada in yi gudu, kada in ba kowa aro, kuma duk mako uku in yi wa babur juye. Na ce na ji, na ɗauka.

Juye, ga wanda bai sani ba, shi ne a zubar da tsohon baƙin man da ke cikin inji a zuba sabo. A nan ne na ci amana, kuma tun da na ɗauki alƙalami gara in faɗi gaskiya. Shekarar nan kowa ya san yadda ta kasance. Tun ran 29 ga Mayu da sabon shugaban ƙasa ya ce an janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, komai ya bi ta ya tashi har da baƙin mai. Juyen farko na yi shi yadda aka ce. Da na biyu ya zo, sai ya tarar na ƙone fetur wajen zuwa kallon ƙwallo a Kazaure, abin da ba a aike ni ba. Sai na gutsuri kuɗin juye na cike giɓin, na sayi ɗan man awo na kwalba a bakin hanya na ƙara a kan tsohon. Babur bai ce komai ba. Na uku da na huɗu ma haka na yi, har na fara cewa a raina ashe juyen nan ɓarnar kuɗi ce kawai, dattawa ne da tsoro.

Cikin Disamba, hunturu ya kankama, aka aiko cewa yayata da ke aure a Babura ta sauka lafiya, haihuwarta ta biyu. Baba ya ce in kai Inna ana gobe suna. Babura kuwa tafiya ce, tana can gabas da Kazaure, dab da iyakar Nijar. Muka yi asubanci. Inna ta ɗaure daddawa da yaji da kanwa da turmin atamfa a cikin buhu, na ɗaure a baya, ta hau, muka kama hanya ana hazo.

Ba mu yi nisa ba sai na ji ta taɓa ni a kafaɗa. Ta ce, "Auta, abin nan naka yau ba muryarsa ba ce."

Na ce, "Sanyi ne, Inna."

Ta ce, "Sanyi? Hunturu huɗu ke nan ina jin tashinsa a zaure, ban taɓa jin ya yi wannan kuka ba."

Gaskiyarta ce, kuma ni ma na sani. Na fi kwana goma ina jin wani ɗan ƙara a ƙarƙashin tanki, amma na toshe kunnena. Da muka shigo Kazaure ta ce mu biya wajen ƙaninta, kawuna, wanda ke gyaran babura, ya saurara mana. Ni kuwa na san in Kawu ya buɗe murfin mai asirina ya tonu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ce ai rana za ta yi mana, ma biya in mun dawo. Na ja totur muka wuce.

Da muka bar gari da ɗan nisa, abu ya ci tura. Duk sa'ad da na saki totur sai in ji "carrr", kamar an ja siririyar sarƙa a cikin gwangwani, ga kuma wani "fat-fat-fat" da ke bin sa. Har wani mai amalanke da muka wuce ya juyo yana kallonmu. Ba shiri na tsaya a wani ƙauye inda na hangi tsofaffin tayoyi a rataye a gindin maina, alamar akwai bakanike. Wani saurayi ne, bai girme ni da yawa ba. Ko tambayata bai yi ba. Ya buga kik, ya murɗa totur har ƙarshe, babur ya yi ta kururuwa kamar ana yanka shi, sa'an nan ya kashe ya girgiza kai. Ya ce, "Konrod ne. Injin nan ya kusa bugawa. Sai an sauke shi gaba ɗaya." Ya shiga lissafa mini kaya: konrod, fistin da ringi, boris, gasket, ga kuɗin aiki. Da ya faɗi jimla sai na ji gwiwoyina sun yi sanyi. Na san abin da ke gidanmu. Kuɗin da ya kai haka babu shi sai wanda Baba ke tarawa a gwangwani don rajistar jarrabawata ta WAEC, shi ma sai an haɗa da akuyar Inna.

Inna tana gefe riƙe da mayafi, ba ta ce uffan ba sai da ya gama. Sa'an nan ta ja ni gefe ta ce, "Ni ban san inji ba. Amma in zan sayi tukunya a kasuwa, ƙwanƙwasa ta nake yi a hankali da ɗan yatsa in kasa kunne. Ban taɓa ganin wanda ya gwada tukunya da taɓarya ba. Ka kai wa kawunka. Kuma kada ka tashe shi, tura shi za ka yi." Ta kwance buhunta, ta tsai da wata mota mai zuwa Babura, ta shiga ta bar ni a nan.

Wanda bai taɓa tura babur cikin iskar hunturu ba ba zai gane ba. Na kusa awa biyu ina turawa, leɓɓana suka tsage, ƙura ta mai da ni kamar wanda ya fito daga rumbu. Duk ɗan acaɓar da ya wuce sai ya ce, "Mai ne ya ƙare?" In ce a'a. Ina tafe ina shirya ƙaryar da zan yi wa Kawu, ina rushewa.

Kawuna dattijo ne, furfura ta cika masa gemu. A Kano ya koyi aiki tun yana yaro, zamanin da ake yayin Vespa da Honda da Suzuki, lokacin da wasu baburan ma baƙin mai suke ƙonawa tare da fetur suna tafe suna hayaƙi. Ya ga zuwan Jincheng daga ƙasar Sin, ya ga zuwan Boxer. Da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013 aiki ya ja baya, sai ya tattara sifanoninsa ya dawo gida Kazaure ya kafa rumfa. Na same shi yana wanke kafireta a cikin murfin kwano. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da aka ce.

Ya ce, "An ce konrod. To, kai me ka ji?"

Ban taɓa tsammanin wannan tambaya ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya nuna mini benci, ya shiga yi mini tambayoyi kamar alƙali, babur kuwa ko kallonsa bai yi ba. Yaushe ƙaran ya fara? Da safe in inji na da sanyi ya fi yawa, ko in ya ɗau zafi? In ka ja totur yake ƙaruwa, ko in ka saki? In ka ɗauko buhu kana hawan tudun wajenku fa? In ka matse kuloci yana ɗaukewa? In ka kashe inji a gangara ka bar babur yana tafiya da kansa, kana jin sa? Wasu na amsa, wasu na yi zuru, don ban taɓa lura ba. Daga baya na gane amfanin kowace. Ƙaran da ke nan bayan an kashe inji ba na inji ba ne, na sarƙar waje ne ko boris na taya. Wanda ke ɗaukewa in an matse kuloci, wajen kuloci yake. Kafin ya taɓa sifana ko ɗaya, ya riga ya kori rabin abubuwan da ake zargi.

Sa'an nan ya tashi ya buɗe murfin mai. Sandar awon ta fito kusan a bushe. Ya dube ta, ya dube ni, bai ce komai ba. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya tara yankakken galan, ya kwance noti na ƙasa. Injin da ke cin kusan lita ɗaya, abin da ya fito bai kai rabi ba, baƙi ƙirin kamar tawadar allo. Ya ɗauki galan ɗin ya fita da shi rana, ya karkata shi yana dubawa, ya murza man tsakanin yatsunsa, ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika ya zagaya ciki. Na ce, "Kawu, me kake nema?" Ya ce, "Ɓurɓushin ƙarfe. Konrod in ya fara cin kansa, a nan yake zubar da shaida. Sai ka ga mai yana ƙyalli kamar an watsa masa yashi." Maganaɗisun ya fito da ɗan baƙin laka kaɗan, amma babu ɓaraguzai. Ya ce, "To, da sauran numfashi."

Ya zuba sabon mai tukuna, don ya ce ba a sauraron mara lafiya da ƙishirwa. Ya tashe shi a hankali ya bar shi a silo, bai taɓa totur ba. Sai ya ɗauko doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a kan inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Ya saurari sama, ya saurari tsakiya, ya saurari ƙasa, ya koma gefe. Yaran shagon duk suka yi tsit. Da ya gama sai ya miƙo mini ya ce, "Ungo, ji da kanka."

Jama'a, abin mamaki ne. Hayaniyar da nake ji a dunƙule sai ta rarrabu, kowane wuri da muryarsa. Malaminmu na Fiziks ya taɓa koya mana cewa sauti ya fi saurin tafiya cikin ƙarfe a kan cikin iska, na haddace don jarrabawa na manta. Ran nan na ji shi da kunnena. A sama akwai "tik-tik-tik" siriri kamar keken ɗinki. A ƙasa kuwa sai wani gurnani mai santsi, babu bugu ko ɗaya. Da na kai gefe, nan ne na ji "carrr" ɗin nan sosai, har ƙotar tana kaɗa mini kunne.

Kawu ya ce kowace cuta ta inji da muryarta. Konrod muryarsa mai nauyi ce, daga ƙasa take fitowa, "ƙwal-ƙwal" kamar ana buga guduma a cikin turmi, kuma in an ɗora wa babur nauyi ƙaruwa take yi, zafi ba ya kashe ta. Fistin in ya yi wa bulok kaɗan, da safe yake kaɗawa, in inji ya yi zafi sai ya kumbura ya cike wurin, ƙaran ya ragu. Akwai wani kuma kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wanda ke zuwa in kana hawan tudu da kaya a babbar giya, wannan sau da yawa fetur mara kyau ne ko zafi ya yi wa inji yawa. Tafet kuwa shi ne mai keken ɗinkin nan. Ya ce shi tafet mai ɗan surutu bai cika tsoronsa ba, wanda ya yi shiru ɗungum ya fi ba shi tsoro, domin in an matse shi da yawa bawul ba ya rufuwa sosai, sai wuta ta cinye bakinsa. Ni dai a ganina wannan shi ne bambancinsa da saurayin can. Saurayin ya san sunayen kaya, ya kuma san kuɗinsu, amma da ya murɗa totur har ƙarshe sai duk muryoyin suka haɗu suka zama ihu ɗaya.

Daga nan ya kai tafin hannunsa kusa da inda salansa ta haɗu da inji, ya ce in kawo nawa. Na ji iska mai zafi tana bugowa, ga baƙin hayaƙi ya yi zane a wurin. Ashe noti ɗaya ne ya kwance saboda girgizar hanyoyinmu. Ya ɗaure shi, nan take "fat-fat" ɗin ya ɓace, kai ka ce da ma ba a taɓa yin sa ba. Saura "carrr".

Wannan, in ji Kawu, sarƙar ciki ce, wadda bakanikai ke kira taimin cen. Ya zana mini a ƙasa da tsinke. Fistin yana hawa yana sauka yana juya ƙarfen ƙasa. A sama akwai bawul biyu, ɗaya yana buɗe wa fetur da iska su shiga, ɗaya yana buɗe wa hayaƙi ya fita. Sarƙar nan ita ke haɗa sama da ƙasa, don in na ƙasa ya juya sau biyu, na sama ya juya sau ɗaya, kowane bawul ya buɗe a kan lokacinsa. In ta tsufa sai ta miƙe ta yi sako-sako, ta riƙa dukan bango, musamman a silo da sa'ad da aka saki totur. In aka ƙyale ta, wata rana sai ta tsallake haƙori, bawul ya buɗe ba a kan lokaci ba, fistin ya taso ya same shi a hanya. Ya ce, "Ranar nan kam sai an sauke inji, kuma watakila a tsakiyar daji, da uwarka a baya." Da ya buɗe ya nuna mini, sai ga ta tana lilo, ana iya ɗaga ta da yatsa.

Na yi ta maza na ce, "Kawu, rashin juye ne ya jawo?"

Ya ce, "Sarƙar shekara huɗu da ma ta kusa. Amma da mai mai kyau da ta ƙara kai ku wani hunturun. Mai ɗaya ne fa ke shafa fistin da giya da kuloci da ita kanta, ga ƙurar ƙasarmu. Sau nawa ka tsallake?"

Duk ƙaryar da na shiryo a hanya ta gudu. Na ce sau uku. Ya ce, "To. Ni ba zan faɗa wa babanka ba. Kai za ka faɗa masa."

Ya aiki yaro ya sayo sabuwar sarƙa da abin da ke tamke ta, ya sa ba tare da an raba inji biyu ba. Sai bayan la'asar, da inji ya huce sarai, ya saita tafet da wani siririn ƙarfen awo wanda bai kai kaurin takardar littafi ba. Duk abin da aka kashe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka yanka mini da safe ba. Kuɗin aiki ya ce ba ya karɓa daga 'yar'uwarsa, amma kuɗin kaya bashi ne a kaina ni kaɗai, ba a kan Baba ba, zan biya da zuwa shago kowace Asabar in wanke masa kaya. A gidansa na kwana. Washegari na isa Babura an riga an raɗa suna, an yanka rago, sai tuwo na tarar. Inna ta fito ƙofar gida ta ce in tashe shi ta ji. Ta saurara kaɗan, ta ce, "Yauwa," ta koma ciki.

Da muka dawo gida na kwana biyu ina kewaya ɗakin Baba. A rana ta uku bayan sallar isha'i na shiga na durƙusa na faɗa masa kome, har da kallon ƙwallon. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa da ke ɗaure. Sa'an nan ya ce, "Auta, ƙafa ce ta karye, ba kunne ba. Mako biyu ina kwance a nan ina jin sarƙar nan kullum da safe in ka tashe shi a zaure. Jira nake in ga ranar da za ka zo ka faɗa mini." Na ce, "To Baba, me ya sa ka bar ni na ɗauki Inna?" Ya ce shi ne ya ce mata lalle mu biya wajen Kawu kafin mu wuce Kazaure, bai zaci zan ƙi ba. Ya karɓi makullin ya sa ƙarƙashin matashinsa. Sai da aka yi mako guda, wake ya taru a wajen mutanensa babu mai ɗaukowa, sa'an nan ya mayar mini, amma daga ranar a gabansa nake yin juye, a tsakar gida, yana zaune a kan tabarma yana kallon launin man.

Bashin Kawu na gama biyansa tun kafin azumi, amma ban daina zuwa shagon ba. Har yanzu bai yarda in taɓa tafet ba, wanke-wanke ne aikina da miƙo sifana. Wata Asabar wani mutumin Gwiwa ya kawo babur yana ƙara, Kawu ya miƙo mini sukundireba a gaban mutane ya ce in saurara. Na manna kunne, na rufe ido yadda yake yi, na daɗe, sa'an nan na miƙe na ce tafet ne. Kawu ya yi dariya har da tari, ya sunkuya ya ciro wani ɗan guntun waya da ya maƙale yana kaɗa murfin sarƙar waje, ya ba mutumin babur ɗinsa ya ce ya tafi, babu ko sisi.